Tayoyin Motar Inna

Alhaji Wakili ya ci amanar uwar da ta haife shi, kuma da tayoyin mota huɗu ya ci ta. Ba cikin rashin sani ya yi ba. An gaya masa, an nuna masa da yatsa, ya ce ya ji, sannan ya juya ya yi abin da ransa ya so.

Sunansa na yanka Garba. Wakili laƙabi ne da ya bi shi daga kasuwar kifi ta Yelwa, inda ya daɗe yana tsaya wa masu banda idan rigima ta haɗa su da fatake. Yana da wata tsohuwar mota da aka cire wa kujerun baya, tana zagaya kasuwannin bakin ruwa daga Shanga har Wara tana kwaso masa kifi. Direbanta wani Bakambare ne, Daniel, wanda ya shekara da shekaru tare da shi. Alhaji mutum ne mai sallah a sahun gaba, mai tsabtar tufafi, ba ya caca, ba ya yawon banza. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya iya ganin abu mai kyau yana zaune bai kawo masa komai ba.

Motar da ake magana a kanta ba tasa ba ce. Ta Inna Dudu ce, mahaifiyarsa. Inna a gungu aka haife ta, ɗaya daga cikin tsibiran da ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse Kwara a Kainji. Tana budurwa aka kwashe su aka watsa a bakin tafki. Aure ya kawo ta Yelwa, yayanta Tamada kuma ya kafa gida a wata tunga gaba da Wara. Iyaye suka mutu, 'yan'uwa suka bi su ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari su biyu kaɗai suka rage waɗanda suka san inda ƙofar gidansu take fuskanta kafin ruwa ya rufe ta. Idan sun haɗu ba sa Hausa. Gunganci suke yi, su yi ta yi har abinci ya huce a gabansu.

Da can a jirgi Inna take zuwa wurinsa. Shekarar da wani jirgi ya kife da mutane a ruwan nan, Alhaji da ƙanensa Yusuf suka zauna suka yanke cewa uwarsu ta gama shiga ruwa. Suka haɗu suka saya mata mota ta hannu, 'yar Kwatano, irin motar kifin ce sak, sai dai wannan jikinta garau. Aka kafa mata rumfa a tsakar gidan Alhaji, inda Inna take zaune.

Motar ba ta fita sai da dalili. Sallah, ko biki, ko ranar da gwiwar Inna ta matsa aka kai ta asibiti. Sauran kwanakin shekara tana nan lulluɓe da tamfol. Duk Juma'a Alhaji yakan sa a yaye a wanke ta, ya kunna ta ta ɗan yi gurnani don kada batir ya mutu, ya kashe. Tamfol ɗin bai kai ƙasa ba. Rumfar kuma rabin yini take karewa, da rana ta karkata sai ta sauka kan tayoyin ɓangaren yamma ta yi ta gasa su har magariba. Haka shekaru suka shuɗe.

Yusuf direban motar ɗaukar marasa lafiya ne a Birnin Kebbi. Da ya zo Babbar Sallah, ya zagaya motar kamar yadda direba yake yi ko ba a sa shi ba, ya tsuguna, ya bi gefen taya da farce. Ya kira yayansa ya nuna masa. Gefen robar duk ya yi ƙananan tsaga kamar laka a bakin gulbi bayan ruwa ya janye. Ya danna da babban yatsa, robar ta ƙi lotsawa. Ya nuna masa wasu lambobi huɗu da aka buga a jikinta, ya ce biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta ce, kuma waɗannan tun kafin motar ta tsallako ruwa sun riga sun kwana biyu. Ya ce a wurin aikinsu taya ba ta wuce shekara biyar zuwa shida a ƙarƙashin mota, ko ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Ta Inna ta haura goma.

Alhaji ya yi dariya. Ya cusa yatsa cikin zanen tayar ya nuna masa zurfinsa, ya ce ko rabin haƙoranta ba ta cinye ba. Ya ce taya da tafiya take tsufa, wannan kuwa ina ta je.

"Yaya," in ji Yusuf, "kai ne ka wa masunta faɗa in sunka bar jirgi bisa tudu rana na dukanai. Mi ka samun shi?"

"Tsagewa shikai."

"To bai tahi ko'ina ba, amma ya tsage."

Alhaji ya ce itace daban, roba daban, kuma bai san ranar da aka fara koya wa yaya kula da kayan gidansa ba. Yusuf bai ja ba. Washegari ya fita ya dawo da sababbin tayoyi huɗu a cikin Keke Napep, ya jera su a ƙofar ɗakin Inna. Ta fito da sandarta, ta dafa ta sama, ta shafa, ta daɗe tana sa masa albarka. Kafin a kira mai sa taya aka bugo wa Yusuf daga wurin aiki, dole ya kama hanya. A zaure yayansa ya ce masa ya tafi hankali kwance, gobe-goben nan za a sa.

Aka kai tayoyin zaure, suka kwana, suka kuma kwana. Duk shigar da Alhaji zai yi sai ya tsaya ya dube su. A makon nan motar kifi ta yi faci sau biyu a hanyar Shanga, tayoyinta sun suɗe har waya ta fara leƙowa, kifi ya yi latti, fatake suka saya a wani wuri. Lissafin da ya yi a ransa mai sauƙi ne, kuma irin lissafin da ke kai mutum ga kunya ne. Ga mota mai aiki kullum ba takalmi, ga mota mai barci za a ba ta sababbi. Ya kira Daniel ya ce a kwashe a sa wa motar kifi. Daniel ya ce ko a raba, biyu nan biyu can. Alhaji ya ce ba shawara ya kira shi ba.

Da a nan ya tsaya, da sai a ce son zuciya ne kawai. Bai tsaya ba. Ya sa aka samo masa baƙin mai daga wurin makanikai, ya ɗauki tsumma da hannunsa ya bi tsofaffin tayoyin ya goge su har suka yi baƙi wuluk suna ƙyalli, tsagar duk ta ɓuya. Ya ja da baya ya ɗauki hoto da waya ya tura wa Yusuf. Yusuf ya amsa da addu'a.

Larai, matarsa, tana bakin murhu ta ga komai. Kafin dare ya yi ta same shi ta ce abin nan bai kwanta mata ba. Ya ce ta kula da tukunyarta. Ya ce da kasuwa ta buɗe zai sayo wasu ya mayar, ba wanda zai sani. Kasuwa ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa. Bai sayo ba.

Akwai abin da ya taimaka masa, kuma ya san yana taimaka masa. Shi ɗan fari ne. Inna mutumiyar da ce, tana riƙe da kunyar ɗan fari yadda ta gada. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Idan za ta ambace shi sai ta ce "yayan Yusufa". Ba ta zama su yi doguwar hira, ba ta tambayarsa kai tsaye, balle ta tuhume shi. Abin da take so a wurinsa ta bakin Larai yake bi. Don haka Inna ta tambayi Larai ko an sa wa motar kayan da Yusufa ya kawo. Larai ta sunkuyar da kai ta ce Alhaji ya ce an gyara. Inna ta leƙa ta ga tayoyi suna sheƙi, ta ce madalla.

Da bazara ta kama, labari ya zo cewa Kawu Tamada ba ya jin daɗi. Daga ranar Inna ba ta sake zama wuri ɗaya ba. Ta haɗa kayanta a jaka ta ajiye bakin ƙofa. Ta daka garin kunu, ta ƙulle kuka da daddawa. Ta fito tsakar gida ta koma ɗaki, ta sake fitowa ta tsaya gaban rumfa tana kallon tamfol. Kullum sai ta aiki Larai ta tambayi yayan Yusufa yaushe za a tafi. Kullum amsar ɗaya ce, a bari wannan kasuwar ta wuce. Shi kansa Alhaji ba ya son tafiyar. A cikin gari ya yarda da tayoyin. Hanyar Wara kuwa, cikin wannan zafin, wani abu a cikinsa yana gaya masa gaskiya, yana danne shi.

Ranar kasuwar Wara da hantsi Sa'adiyya, 'yar Kawu, ta bugo. Ta ce Baba ya daina cin abinci, ya daina Hausa gaba ɗaya, sai Gunganci, ita kuma ba ta ji sosai. Abin da take ganewa kawai sunan Dudu, yana ta maimaitawa. Ta ce in za a zo a zo yau.

Inna ba ta aiki kowa ba wannan karon. Ta ɗauki jakarta da kanta ta je ta yaye tamfol.

Alhaji ne ya tuƙa. Inna da Larai suna baya. Tun kafin su fita gari sitiyari ya fara rawa a hannunsa, domin tayar da ta daɗe zaune a gefe ɗaya tana shafewa a wurin. Ya ce wa kansa za ta warware in ta yi zafi. Suka bar babban titi suka kama hanyar Wara. Rana ta take, kwalta tana tururi, gonaki a share ana jiran ruwa. Inna ta zauna a bakin kujera, hannu ɗaya a kan kujerar gaba, carbi yana gudu a ɗayan. Duk garin da suka wuce sai ta tambayi Larai ko sun kusa, alhali ta fi Larai sanin hanyar.

"Ki ce mai shi ƙara," ta ce. "Tahiyag ga kamar ta jaki."

Ya ƙara.

Ƙarar ta zo kamar an harba bindiga a ƙarƙashinsu. Bayan motar ya fizge zuwa dama, ta yi cikin ƙasa, ta dawo kan kwalta, ta sake sauka. Larai ta rungume Inna tana salati. Allah ya sa Alhaji bai taka birki da ƙarfi ba, motar ta ja jiki ta tsaya a bakin wata gona, ƙura ta rufe su. Ba wanda ya ji ciwo. Tayar baya ce, ta ɓangaren da rana ke gasawa. Ba huda ba ce. Gefenta ne ya yage daga sama har ƙasa, wayoyi a waje.

Alhaji ya tuɓe babbar riga ya buɗe but. Safayar tana nan inda take tun ranar da aka sayo motar, ba wanda ya taɓa ɗaga ta. Iskarta rabi. Ya kafa jak, ya yi ta fama da notuna masu tsatsa, gumi yana zuba masa a ido. Inna ba ta yarda ta zauna a inuwa ba. Tana tsaye da sandarta a bakin hanya tana duban wajen Wara, ta zo ta leƙa aikin, ta koma. Da aka gama suka shiga, ya ja a hankali. Ba su yi nisan da mutum zai daina hango gonar ba safayar ta yi tsaki mai tsawo ta kwanta. Ƙarfen wili ya fara cin kwalta.

Wurin ba gari ba ne. Wata bishiyar ɗorawa ce kawai, da shanu can nesa. Motocin kasuwa sun riga sun wuce tun safe, waɗanda suka rage cike suke har bisa, kaya da mutane, ko tsayawa ba sa yi. Babura ne ke wucewa jefi-jefi.

Larai ta matso kusa da mijinta ta rage murya. Ta ce Daniel yana Wara da motar kifi, a kira shi, yanzu zai iso. Alhaji ya ce Daniel yana tsakiyar sayen kifi, ba a tayar da mutum daga ciniki. Wannan rabin dalilin ne. Sauran rabin yana ƙarƙashin motar Daniel, guda huɗu, kuma ba ya so su zo su tsaya gaban uwarsa. Ya tare wani mai babur, ya ɗaura masa wili a baya, ya ce ya je gari na gaba ya nemo taya ko ta hannu ce. Mai babur ya tafi.

Suka zauna jira. Inna dai ba ta zauna ba. Sa'adiyya ta bugo ta tambayi inda suke, Larai ta ce suna hanya. Ta sake bugowa ta ce numfashinsa ya canza. Inna ta karɓi wayar ta ce a kanga masa a kunne. Kawu ya daɗe da rashin ji, ko yana lafiya ba ya gane magana ta waya. Duk da haka ta tsaya a bakin kwalta tana ɗaga murya da Gunganci, tana kiransa, tana gaya masa ga ta nan. Ba abin da ya dawo mata sai huci, sannan layin ya yanke.

Wani mai babur ya zo wucewa ba fasinja. Inna da kanta ta ɗaga masa sanda. Larai ta ce Inna gwiwarki, ita kuwa ta ce ba ruwanta da gwiwa. Suka kama ta, mai babur ya karkatar da mashin ɗinsa har ƙasa, ta ɗaga ƙafa. Ƙafar ta ƙi. Ta sake gwadawa, ta cije leɓe, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. A karo na uku ta kusa faɗuwa, mai babur ya ce shi dai a yafe masa, ba zai ɗauki alhakin tsohuwa ba. Alhaji yana tsaye yana kallon duk wannan, wayarsa a aljihu, lambar Daniel a ciki.

Yusuf ya bugo, domin Sa'adiyya ta gaya masa ba su iso ba. Da ya ji taya ce ta fashe sai ya tambaya ta yaya sabuwar taya za ta fashe. Alhaji ya ce rami suka faɗa. Yusuf ya ce a ɗauki hoton tayar a turo masa, zai mayar wa wanda ya sayar masa. Alhaji ya ce sabis ba kyau a nan, ya kashe.

Azahar ta yi, ta gota. Suka yi sallah a gindin ɗorawa da ruwan da Larai ta zo da shi. Mai babur na farko ya dawo da wili a bayansa yadda ya tafi da shi. Ya ce mai facin garin ya tafi kasuwa, wanda ke jiran shagon ya nuna masa taya ɗaya, ta fi ƙarfin wilin. Alhaji ya fara cewa ya gwada gari na gaba.

Larai ba ta saurari ƙarshen maganar ba. Ta zaga bayan bishiya ta ciro wayarta ta kira Daniel. A shekarun aurensu ba ta taɓa tsallake maganar mijinta a gaban mutane ba sai ranar.

Daniel bai ɓata lokaci ba. Ya bar cinikin a rabi ya taho, kwalayen kifi kaɗan a baya, motar tana warin banda. Ya sauko ya durƙusa ya gai da Inna, ya yi mata sannu. Sannan ya zagaya ya dubi tayar da ta yage, ya murza wani yanki da yatsa, robar ta marmashe kamar busasshen ƙanzo. Shi bai san komai game da hoto ko baƙin mai ba. A zatonsa kowa a gidan ya san inda tayoyin suka tafi.

"Ai na gaya maka tun ranan, Alhaji," ya ce, "da mun raba, biyu nan biyu can. Waɗanda Malam Yusuf ya kawo, ka gan su, har yau ko ƙusa ba su ɗauka ba."

Ya ɗago ya ga fuskokinsu, ya gane ya taka wani abu.

Inna ta dubi motarta. Ta dubi motar kifi. Ta taka a hankali da sandarta har wurin tayar gaba, ta sunkuya iyakar yadda gwiwa ta bari, ta dafa ta kamar yadda ta dafa ta a ƙofar ɗakinta. Ta daɗe a haka. Da ta miƙe ba Larai ta duba ba. Ɗanta ta duba, ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun yana goye.

"Garba," ta ce.

Bai taɓa jin sunan daga bakinta ba. Ya buɗe baki, ya ce Inna, ya fara wata magana a kan kasuwa da niyyar da yake da ita ta mayarwa.

"Tun da tayab farko ta hwashe ka san ɗan ga na Wara?"

Ya ce ya sani.

"To zamna nan ka yi gadin motakka."

Daniel ya share kujerar gaba da hularsa, suka ɗaga ta suka zaunar. Larai ta hau baya ta takure tsakanin kwalaye. Suka bar Alhaji a gindin ɗorawa, da singileti, hannu duk baƙin mai.

Daniel ya yi gudu iyakar abin da hanya ta yarda. Inna ba ta ce a ƙara ba, ba ta tambaya ko sun kusa ba. Carbin ma ya tsaya a hannunta. Suka ratsa Wara ana tsakiyar cin kasuwa, suka sauka kan hanyar ƙasa da ke bin bakin tafki. Ruwa ya ja baya saboda rani, jirage suna kife a kan yashi. Tun daga nesa suka hango maza zaune a ƙofar gidan Kawu, an shimfiɗa tabarmi, wasu suna tafiya da fartanya da diga wajen maƙabarta.

Ta tarar an ja masa zane har ka. Bayan azahar ya cika, ba da daɗewa ba. Kofin kunun da aka gwada ba shi yana ajiye bai gama hucewa ba. Inna ta zauna a ƙasa kusa da shi ta yaye zanen ta dubi fuskarsa, ta mayar. Ba ta yi kuka da murya ba.

Sa'adiyya ta durƙusa gefenta tana hawaye. Ta ce tun hantsi akwai wata magana da yake ta nanatawa yana duban ƙofa, ita ba ta gane ba, amma ta riƙe yadda take fita. Ta faɗa wa Inna yadda ta ji, da karyayyen Gungancinta. Inna ta rufe ido.

"Tambaya shikai ko jirgin Yelwa ya iso," ta ce.

Jirgin Yelwa ya iso tun kafin azahar. Yana ɗaure a bakin ruwa, ana hango shi daga ƙofar gidan.

Da Alhaji ya sa tayoyin da aka ba shi amana, da ta same shi da ransa tun kafin azahar. Da ya kira Daniel lokacin da tayar farko ta fashe, da ta same shi da ransa ko da na ɗan lokaci ne, ya ji muryarta, ta ji abin da yake son faɗa. Ƙofa biyu aka buɗe masa a rana ɗaya, ya rufe su da hannunsa don kada a gane shi. Mutane suna cewa ajali ne, kuma gaskiya ne, ajalin Tamada ba ya hannun kowa. Amma zaman Inna a gindin ɗorawa ba ajali ba ne. Aikin ɗanta ne.

Alhaji ya iso tungar bayan an dawo daga maƙabarta, a bayan babur. Ya shiga ya durƙusa gaban uwarsa a cikin mata. Ta amsa ta'aziyyarsa kamar yadda ta amsa ta kowa. Yusuf ya iso washegari, ya ji komai daga bakin Larai, bai ɗaga wa yayansa murya ba. Ya dai buɗe wayarsa ya nuna masa hoton tayoyin nan masu sheƙi, ya goge shi a gabansa.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai. Alhaji ya sayo sababbin tayoyi har da safaya, ya sa wa motar, ya wanke ta, ya kawo ta ƙofar gidan Kawu don ya mayar da Inna gida. Ta aiko Sa'adiyya ta ce masa ya koma, ita ta zo ke nan. Ya dawo bayan arba'in, amsar ba ta canza ba. Ya turo malamai da dattawan kasuwa su ba ta haƙuri. Ta ce musu ba ta tsine masa ba kuma ba za ta tsine masa ba, tsakaninta da shi sai addu'a, amma ba ta da abin da za ta je yi a gidansa.

Inna tana zaune a ɗakin yayanta har yau. Idan Alhaji ya je gaishe ta tana amsawa, tana kiransa Garba a gaban kowa kamar yadda take kiran ɗan maƙwabta. Shinkafar da yake aikawa tana rabar wa mutanen tunga, ba ta ci. Ranar da za ta ga likita a Yelwa, jirgi take shiga, ko da iska ko ba iska, ta sauka gidan wata ƙawarta ta koma a jirgin yamma. Shi kuma yana tsaye a bakin ruwa yana duban hadari har jirgin ya ɓace masa. Motar tana ƙarƙashin rumfa da sababbin tayoyi, suna tsufa a zaune, Inna ba ta sake shigarta ba. Hukuncinsa ke nan.